Gen ɗin zafi daban, gen ɗin sigina daban

Yaron da ke koyon aiki a wajena ne ya jawo wannan rubutun. Muna kan mashin muna dawowa daga ƙauye, yana bayana rungume da jakar kayan aiki, sai naji yace Oga dan Allah in tambaye ka mana. Nace ina jinka. Yace shekaranjiya a gidan Alhaji kace gen ne yayi yawa shi yasa ɗakin ya ƙi sanyi, yau kuma a gidan Kawu kace gen ne yayi kaɗan shi yasa ba sabis, toh wai shi gen ɗin nan abun so ne ko abun ƙi? Wallahi sai da nayi shiru na ɗan lokaci ina ta murza mashin kaman ban ji ba, don shekara nawa ina faɗin kalmar nan a bakina amma ban taɓa zama na raba ta gida biyu ba.

Kafin wani ya rikice, ba jen nake nufi ba, wato janareto. Gen nake nufi, kalmar nan da ake rubutawa GAIN a jikin mikiza ta masu DJ da kwalin eriya. Asalin ma'anarta ƙari ne ko riba, abun da ya ƙaru a kan wanda ke akwai. Amma yadda mai esi yake nufinta da yadda mai dish yake nufinta ba su haɗa hanya ba ko kaɗan, ni kuma da yake duka biyun nake taɓawa don neman na tuwo, sai nake cakuɗa su ba tare da na lura ba.

Bari in fara da gidan Alhaji tunda shi ya fi cin rai. Falo ne a saman bene, sabon gini, an sa masa wata ƙatuwar taga ta gilashi tana kallon yamma, mita biyu da mita ɗaya da rabi, ba rumfa ba komai a samanta. Esi mai hos ɗaya aka sa, sabo fil. Da safe falon kaman firij, amma daga ƙarfe uku zuwa magariba sai ka rantse fanka ce kawai ke aiki. An kira wani ya ƙara gas, an kira wani ya wanke, na ukun ma cewa yayi jabu aka sayar masa. Da na je na auna komai lafiya lau, nace ranka ya daɗe esin nan ba abun da ya same shi, kaya ne aka ɗora masa wanda ya fi ƙarfinsa. Yace wane kaya kuma, falon da kujeru ne kawai a ciki?

Kayan shi ne hit gen, wato duk zafin da ke shigowa ɗaki ko ake haifarwa a cikinsa. Da wat ake auna shi kaman yadda ake auna ƙwan lantarki. Rana in ta take tsaka sama kuma garau, tana zuba kusan wat 1000 a kan kowace murabba'in mita. A jikin taga da ke tsaye bai kai haka ba, mu ɗauka 600 ne da la'asar. Gilashi kuma akwai lambar da ake ba shi, SHGC, daga 0 zuwa 1, tana nuna kashi nawa na zafin rana yake bari ya wuce. Farin gilashi na gama-gari mai falle ɗaya ya haura 0.8, ma'ana kusan komai yake bari ya shige. Toh lissafa da kanka, murabba'in mita 3 sau 600 sau 0.8, wat 1440 kenan, taga ɗaya tal. Kaman ka jona dutsen guga ka aje shi a tsakar falo ka barshi a kunne har magariba, har da ɗoriya. Wannan ɓangaren na rana shi ake kira sola gen, kuma ba ruwansa da faifan sola na kan rufi duk da sunan yayi kama.

Sai na cikin gida. Mutum a zaune ba ya aikin komai yana fitar da kusan wat 100 na zafi, Alhaji kuwa ba ya rabuwa da baƙi, in mutum shida suka zauna wat 600 kenan. Ga talabijin, ga dikoda, ga wani ɗan firij a lungu. Abun da mutane da yawa ba su yarda da shi ba sai an yi ta musu, duk wutar da na'ura ta ci a cikin ɗaki ƙarshenta zafi take komawa a cikin ɗakin nan, har firij ɗin, don shi zafin cikinsa yake kwasowa ya watso ta baya ya haɗa da na injinsa. Mu sa musu wat 300. Mun kai 2340 kenan, ba mu taɓa rufi ba, ba mu taɓa bango ba, ba mu taɓa iskar da ke shigowa duk sanda aka buɗe ƙofa ba.

Shi kuma esin nawa yake iya kwashewa? Anan BTU ke shigowa, lambar nan da ke jikin kwali wadda ba mai karantawa. BTU ɗaya shi ne zafin da zai ɗaga ruwa fam ɗaya, wajen giram 454, da digiri ɗaya a ma'aunin Faranhait. Ma'aunin Turawan Ingila ne na da, Amurkawa suka riƙe shi gam. BTU ɗaya a awa daidai yake da wat 0.293. A kasuwarmu wanda ake cewa hos ɗaya yawanci BTU 9000 ne, hos ɗaya da rabi 12000, hos biyu 18000. Kenan na Alhaji wat 2600 da 'yan kai yake iya fitarwa, alhali taga da baƙi da kayan wuta kaɗai sun kusa cinye wannan. Da rufi ya kawo nasa sai lissafi ya ƙare. In kaji manyan injiniyoyi na cewa tan ɗaya, BTU 12000 suke nufi, kuma asalinsa daga ƙanƙara ne, zafin da ake buƙata a narkar da tan ɗaya na ƙanƙara cikin awa 24, tun zamanin da da ƙanƙarar ake sanyaya wuri. Ni wannan labarin yana burge ni, ban san dalili ba.

Rufi kuwa a garinmu shi ne babban ɓarawo. Kano tana wajen digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, rana ta saman kanmu take bi, musamman wajen Afrilu, daidai lokacin da zafi ke haura digiri 40. Kwano ba ya riƙe komai, yana ɗauka yana miƙawa ƙasa nan take, in silin ɗin siriri ne kuma ba ramukan da iska za ta fita tsakaninsa da kwanon, toh tanda ka gina a saman kanka. Lambar da ke nuna saurin wucewar zafi ta jikin bango ko rufi ita ake kira U, ƙarama ta fi kyau. Akwai kuma wani abu daban da ake cewa jinkirin zafi, wanda kakanninmu suka sani ba tare da sun ba shi suna ba. Ka shiga soro na ƙasa mai kaurin bango da rufin azara da tsakar rana, ko ka shiga Gidan Makama, za kaji sanyi kaman an yi yayyafi, saboda bangon yana shanye zafin ne a hankali, kafin ya ratsa zuwa ciki dare yayi. Bulo mai rami da siminti ba su da wannan haƙurin sosai, shi yasa ɗakin da bangonsa ke kallon yamma yake yin turiri bayan isha'i mutum ya rasa inda zai sa kansa.

Abun dariyar shi ne a Turai wannan sola gen ɗin nema suke yi. Ƙasar sanyi ce, da gangan suke buɗe manyan tagogi ta kudu don rana ta shigo ta rage musu kuɗin ɗumama gida, a wajensu riba ce ta gaske. Mu kuma sai mu ga hoton gidan a Instagram mu miƙa wa magini muce irin wannan nake so. Ban ce kar a yi gini mai kyau ba, amma dai rigar sanyi ce muke sawa a bazara.

Saura kalma biyu da ke rikita yara masu koyo, sensibul da letent. Na farko shi ne zafin da ma'auni ke gani, na biyu kuma wanda ke ɓoye a cikin danshin iska. Ruwan nan da ke ɗiga ta bayan esi a watan Agusta har a tara bokiti, aikin letent ne, injin yana kashe ƙarfinsa wajen matse ruwa daga iska. Shi yasa kula mai ruwa take daɗi a Maris da Afrilu lokacin da iska ta bushe ƙayau, amma da damina sai ta mai da ɗaki kaman banɗakin da aka gama wanka da ruwan zafi. Dabarar randa ce, kuma ita ce dabarar tukunya cikin tukunya da ta sa Mohammed Bah Abba ya samu kyautar Rolex a 2000.

Alhaji dai so yake a cire a sa hos biyu. Nace ranka ya daɗe kuɗinka ne, amma a bari mu fara da rumfa. Yace ai akwai labule mai kauri. Nace labule yana taimakawa amma zafin ya riga ya tsallako gilashi kafin ya same shi, a waje ake tare ɓarawo. Aka kira mai walda ya yi rumfa ta waje da ta sauko sosai, aka fitar da firij ɗin zuwa baranda, muka buɗe ramukan iska a saman silin. Ban ce falon ya koma Jos ba, amma an daina kirana da la'asar.

Toh yanzu gidan Kawu, inda naji kunya.

Shi gen na sigina ba abu ne da ke shigowa ba, kwatanci ne, abun da ya fita idan aka gwada shi da abun da ya shiga, ninki nawa. Da desibel ake faɗinsa, dB, sunan daga Alexander Graham Bell aka samo shi. Lissafinsa ba irin na kasuwa bane, ninkawa yake yi. Ƙarin dB 3 ninki biyu ne, dB 10 ninki goma, dB 20 ninki ɗari, dB 30 ninki dubu. In ka riƙe waɗannan huɗun ka gama da rabin aikin. Haka kuma ta baya, in kebul ya ci maka dB 3 rabin siginarka ta tafi.

Sai ƙananan haruffan da ake liƙa masa a wutsiya, kowanne da nufinsa. dBm yana nufin an gwada da miliwat ɗaya, shi ne wanda wayarka ke nunawa in ka shiga saitin ka duba bayanin SIM. Lambar da alamar ragi take zuwa, kuma anan mutane ke faɗuwa, -85 ya fi -105 ƙarfi, ba kaɗan ba ma, ninki ɗari. A ɗakin Kawu -115 na gani, wato dai da ƙyar saƙon WhatsApp ke fita, sai ya fito bakin masallaci ya ɗaga waya sama kaman mai neman wata. Da na hau rufin ɗakin na ga -100. Nace Kawu akwai sabis a sama, saukowa da shi za mu yi. Yace toh ɗana Allah ya yi albarka, ni dai in ga jikokina a bidiyo.

dBi kuma na eriya ne, kuma nan ne ainihin abun da nake so yarona ya gane. Eriya ba ta ƙirƙirar ƙarfi, ba a jona ta da wuta ma balle ta ƙara wani abu. Tattarawa take yi. Ka ɗauki ƙwan tocila ka cire shi daga cikin kaskonsa mai ƙyalli, haskensa zai watsu ko'ina amma ba zai kai bakin ƙofa ba, ka mayar da shi cikin kaskon sai ya haska har ƙarshen layi, ƙwan bai canza ba batir bai canza ba, an dai hana hasken zuwa baya da gefe ne. Harafin i ɗin yana nufin an gwada da wata eriya ta cikin lissafi kawai wadda ke watsawa ko'ina daidai wa daida. Eriya mafi sauƙi mai hannu biyu tana da 2.15 dBi. Mai kama da ƙayar kifi ɗin nan da muke gani a saman gidaje tun zamanin talabijin baƙi da fari, Yagi sunanta, wasu Japanawa biyu ne Yagi da Uda suka fito da ita a 1926 a jami'ar Tohoku, sunan na biyun ya ɓace a bakin mutane, Allah sarki. Duk sanda gen ɗin eriya ya hau, idonta ƙara tsukewa yake, dole ka saita ta daidai saitin ƙarfen sabis, ka kauce kaɗan ka rasa komai. Ko dogayen sandunan nan na rauta, wato na'urar raba intanet a gida, da ake sayarwa ana cewa sun fi ƙarfi, baje siginar suke yi kaman faifai, na gefe ya samu na saman bene ya rasa. Kuma dan Allah in kaga 'yar eriya da ba ta wuce tafin hannu ba an rubuta mata wata ƙatuwar lamba a kwali, ka sani mai buga kwalin ne ya ga dama.

Gen na amfilifaya shi ne mai ƙara ƙarfi da gaske, don shi yana cin wuta. Amma ba ya zaɓe, duk abun da ka ba shi zai ƙara, sigina da shuuu ɗin da ke tare da ita. Duk wanda ya taɓa saita lasifikar masallaci ya san wannan. Maɓallin gen daban na boliyum daban, gen yana saita yawan abun da ke shigowa daga makirfo, boliyum yana saita abun da ke fita. Ladan yace ba a jinsa sai wani ya je ya murɗe gen har ƙarshe, murya ta fashe, sannan aji ƙiiii ɗin nan mai tsaga kunne saboda makirfo yana jin lasifika, lasifika tana maimaita makirfo. Busta ta waya, wato na'urar ƙara ƙarfin sabis, ita ma haka take yi in eriyar ciki ta kusanci ta waje, ta dinga ihu a iska tana ɓata wa maƙwabta sabis ba wanda ya san daga ina, shi yasa hukumar NCC take gargaɗi a kan sa su barkatai. A dish ma ka duba dikoda za kaga layi biyu, ƙarfi da inganci. Ƙarfi zai iya nuna 90 inganci na 0, hoto babu, domin LNB ɗin da ke bakin dish yana ƙara abun da ya samu da dB 50 zuwa 60 ko da hayaniya ce zalla. Tauraron ɗan'adam ɗin da dish ke kallo yana nisan sama da kilomita 35,000, abun da ke isowa ɗan mitsitsi ne, faɗin kaskon da saitinsa su ke kawo inganci, ba murɗa wani abu ba.

Ga inda na kwafsa. Na sa wa Kawu eriya mai wajen 11 dBi a kan dogon ƙarfe, na saita ta tsaf, sannan na jawo dogon siririn kebul har cikin ɗakinsa inda rauta take, don yace yana so ya dinga ganin fitilunta. Muka kunna, -118. Ya fi na da muni. Kawu yana tsaye da carbi yana kallona, yaran gida sun zagaye mu, yarona ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Abun da ya faru, siririn kebul irin wannan a siginar 4G yana cin abun da ya kusa dB ɗaya a kowace mita, eriya ta ba ni goma sha ɗaya kebul ya karɓe fiye da haka, ga na mahaɗai. Na sani fa, ba wai ban sani ba, ganin kebul ɗin na cikin jaka kuma kasuwa tayi nisa ne yasa nace bari a gwada. A nan ne nace masa gen yayi kaɗan, wanda gaskiyar magana asara ce tayi yawa.

Gyaran mai sauƙi ne, a kai rauta kusa da eriya da guntun kebul mita biyu, sannan a sauko da intanet ɗin ta kebul ɗin netwok, wanda shi yana kai mita 100 ba matsala. Na ɗaga silin na cusa rautar a can sama ƙarƙashin kwano, muka samu -92, bidiyo ya tafi sumul, Kawu ya ga jikokinsa har da 'yar ƙwalla, aka kawo mana fura. A hanyar dawowa ne yaron yayi min waccan tambayar.

Bayan kwana uku Kawu ya kira. Yace ɗana abun nan naka da safe lafiya, da dare lafiya, amma daga azahar sai ya ɗauke sai bayan la'asar yake dawowa, ko shi ma sallah yake zuwa? Ina jin haka na dafe kai. Na gudu daga asarar kebul na kai rautar cikin tandar da na gama yi wa Alhaji wa'azi a kanta. Zafin da ke tsakanin kwano da silin da rana ya wuce abun da 'yar na'urar za ta jure, sai ta dinga kashe kanta. Da na sa hannu na ciro ta robar jikinta har ta ɗan yi laushi.

Muka samo akwatin roba fari muka huda masa ramuka ta ƙasa da gefe, muka kafa shi a bangon gabas ƙarƙashin bakin rufi inda inuwa ke sauka tun kafin azahar, kebul ɗin eriya ya ƙaru da mita ɗaya, muka rasa dB ɗaya, na yafe shi. Yarona yana saman tsani yana ɗaure akwatin sai ya leƙo yace Oga, wannan kenan mun rage na Alhaji ne don mu tsira da na Kawu? Nace ɗaure da kyau dai kar iskar damina ta tafi da shi, kuma ka miƙo min filaya.